Jitar da Haris Ya Bari Zuwa La'asar

Asabar, 7:15 na safe. Kwana huɗu da rufe makaranta.

Yawancin mutane suna zaton jita kamar agogo take: saiti ɗaya gare ta, in ta kauce masa ta lalace, sai a gyara. Ni ma haka nake zato har jiya. Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi da Faransanci a makarantar unguwar Kokoro, kullum ina ce wa yara kada su taɓa amsa sai sun karanta tambaya sau biyu. Ga shi ni ko sau ɗaya ban karanta ba.

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda littafin shirya darasi ne wannan, darasin kuma babu.

Jiya ba mu je Masallacin Koudoukou ba saboda harbe-harben da ake yi a gari, a gida muka yi azahar. Zaman ya ishe ni, sai na sauko da jitar abokina Haris daga saman kwaba. Kwana arba'in da shida tana can cikin baƙar jakarta ban taɓa ta ba. Na ja babban yatsa a kan tsirkiyoyin nan shida, na ji sautin wani iri. Akwai wata manhaja a wayata da ke nuna ko tsirkiya tana daidai. Biyar cikin shida ta nuna ja. Na kama maɓallan da ke kan wuyanta, waɗanda Haris ke kira kunnuwa, na yi ta murɗawa har kowacce ta zama kore. Minti goma. Na ji daɗi kamar na gama makin jarrabawa.

Ana nan sai Fiddausi ta kira, 'yar Haris. Shekararta goma sha shida, ɗalibata ce a da, yanzu tana wurin kakarta Maman Honorine a unguwar Miskine.

Ta ce, "Baba Metir, Alhamis ta sama zan bi gwaggona Kamaru. Kaka ta ce in tafi. Ba na son komai na Papa sai jitar." Metir shi ne malam da Faransanci, haka yara ke kirana.

Na ce, "Tana nan lafiya, har gyara ta na yi yanzu. Saurara ki ji."

Na ɗora wayar a gwiwa na ja tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Na zaci layin ne ya yanke.

"Baba Metir, wannan ba jitar Papa ba ce."

Ta yi min bayani a hankali, yadda nake yi wa ɗan aji ɗaya. Babanta ba ya saita jita irin ta littafi. Da waƙar mahaifiyarsa yake saita ta, wadda take yi wa jarirai in tana musu wanka. Sauti shida na farkon waƙar, kowace tsirkiya da nata. In ka ja su bi da bi, waƙar ce ke fitowa ko ba ka danna komai ba.

Ta ce, "Ni ban iya murɗawa ba, shi kaɗai ke yi. Na so ne in ji yadda ya bar ta in riƙe."

Na ce ko Kaka za ta rera min a waya. Ta ce Kaka ba ta ƙara yin waƙa ba tun ranar da Haris ya rasu.

Asabar, 1:00 na rana.

Abu na ƙarshe da hannunsa ya yi, na goge shi a minti goma.

Lahadi, 10:30 na safe. Kwana biyar.

An yi harbi da asuba wajen kasuwa, ya ɗauki kamar rabin awa. Yau ma babu burodi.

Na zana layi shida a takarda na fara gwaji. Lissafi ya ce in kowace tsirkiya tana iya zama a ɗaya daga wurare biyar, hanyoyin sun haura dubu goma sha biyar. Na gaya wa Zulaihat, matata, tana tankaɗe.

Ta ce, "To Malam, ai kana da lokaci. Gama ta farko in kawo maka shayi."

Na ce da gaske nake.

"Ni ma da gaske nake. Mutumin da in ya ja baƙi a salla yara ke cije leɓe, shi ne zai nemo waƙa da kunne? Mayar da abin nan sama. Ba na son ganin ta."

Ban mayar ba. Na jingine ta a bayan ƙofa.

Litinin, 4:20 na yamma. Kwana shida.

Sabis ya ɗauke tun safe. Na hau kan tanki na ɗaga wayar, maƙwabta suka yi min ihu in sauko kafin a gan ni daga nesa.

La'asar ce lokacin da ya fi min wuya.

Tare muka tashi da Haris a Miskine, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Babansa Bahaushe ne mai sayar da atamfa, mahaifiyarsa 'yar unguwar ce, tana zuwa coci, shi kuma yana bin mu masallaci. Ni na yi boko, shi ya gudu daga aji huɗu ya bi masu kiɗa. Farfesa yake ce min. Ya yi waƙa da Sango, yaren ƙasar nan, ya yi da Hausa, wani lokaci ya fara baiti da wannan ya ƙare da wancan, mata su yi ta shewa. Shekarar da rikici ya raba Musulmi da Kirista, muka kwashe kaya muka dawo unguwar Kilomita Biyar, shi ya ƙi zaɓar ɓangare. Ya kwana can, ya wuni nan.

Jitar ba wata mai tsada ba ce. Gefenta ya tsage ya liƙe da gam ɗin kafinta. Inda hannunsa na dama ke sauka fentin ya goge, katakon ya yi duhu da gumi. Maɗaurinta bel ɗin keken ɗinki ne. Yau na sa hanci a raminta, har yanzu akwai ƙanshin man zafin da yake shafa wa yatsunsa.

Ranar ƙarshe ni na gayyato shi ya yi wa yara kiɗa a bikin ƙarshen zango. Sun yi rawa har shugaban makaranta ya cire hula. Ya ce min, "Farfesa, riƙe min ita, da la'asar zan dawo in ɗauka."

Haka ya ce. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, 6:50 na safe.

Babu sabis. Babu ruwa a famfo. Saura kwana tara Fiddausi ta tafi.

Laraba, 11:00 na safe. Kwana takwas.

Na leƙa wurin Ɗantsoho, maƙwabcinmu mai sayar da kayan keke da babur. Shagonsa na bakin titi a rufe yake, ya shimfiɗa tabarma a lungu yana jera noti-noti na ƙarfe bisa girmansu don kada zama ya kashe shi. Na ce masa ina so in kai saƙo Miskine, wa zan ba?

Ya ce, "Wane irin saƙo?"

Na gaya masa.

"A cikin jakar nan baƙa mai dogon wuya? Metir, kai da iliminka. Duk wanda ya hango ka daga nesa da ita a kafaɗa, me zai ce ka ɗauko? Ba za su tsaya tambaya ba, na nan ko na can. Babu ɗan acaɓar da zai karɓa ko ka haɗa masa da babur sabo."

Na ce to a naɗe ta a zane.

"Ya fi muni. Abin da aka naɗe, ɓoye shi aka yi. In za ta ƙetare, tsirara za ta ƙetare, kuma tana magana. A ji ta kafin a gan ka." Ya ɗaga wani noti ya hura masa iska. "Ai haka marigayi yake yi. Shekara nawa yana ratsa filin nan na tsakaninmu da Miskine da ita a wuya yana kaɗawa, ko a lokacin da tsuntsu ba ya ratsawa. Kowa ya ji ya san Haris ne. Ban san abin da ya sa ranar ya fita hannu biyu ba."

Na ce rana ta yi, zan koma ciki.

Laraba, 4:00 na yamma.

Ban ci abinci ba. Zulaihat ta ɗauke kwanon.

Alhamis, 9:00 na safe. Kwana tara.

Shawara ce mai kyau aka ba Haris a lokacin. Duk mai hankali ita zai bayar. An ce hanya ta fara ɓaci, jaka kuma tana jan ido.

Na rubuta wannan na karanta sau biyu. Har yanzu daidai yake a takarda.

Juma'a, 3:10 na yamma. Kwana goma.

Yau ma a gida. An binne mutum biyu daga layinmu da hantsi, aka hana mu bin gawa, mutum shida kawai aka bari. Ɗayan uban ɗalibina ne. Ina ta tunanin yaran nan arba'in da ɗaya na ajina, wa ke tuna musu karatu, wa ya ci, wa ya fara tsayawa a bakin shinge yana kallon manya.

Na koma kan jitar don in daina tunani. Na yi ta murɗa tsirkiyar ƙasa, mafi siranta, ina jin kamar na kusa kama wani abu. Sai ta tsinke, ta tsaga min bayan hannu.

Yanzu saura biyar. Na karɓi amana mai tsirkiya shida da waƙa a ciki, zan mayar da biyar babu waƙa.

Asabar, 8:40 na safe. Kwana goma sha ɗaya.

Ɗantsoho ya ga hannuna a ɗaure ya tambaya. Da na faɗa masa sai ya yi dariya har da tari.

"Ka zaci daga Faransa yake sayo ta? Wayar birkin keke ce! A wurina yake karɓa. Sai ya warware ta ya zare sili ɗaya daga tsakiya, ya goge da toka."

Ya shiga ɗaki ya fito da sabuwa a naɗe. Ya warware da kansa, ya zaro silin, ya lanƙwasa bakinsa a kan ƙaramin ƙusa yadda zai kama. Na zo yi masa godiya ya ɗaga hannu.

"Kai dai ka daina yi mata jarrabawa. Ba ɗalibarka ba ce."

Shida sun cika. Waƙa babu.

Lahadi, 12:30 na rana. Kwana goma sha biyu.

Bari in rubuta.

Ina zaune a ƙofar ɗaki, Zulaihat tana tsintar shinkafa a tsakar gida ta ba ni baya. An fara harbi can nesa, sai na ji tana wani ɗan gunaguni ta hanci, irin wanda mutum ke yi bai san yana yi ba. Ya hau, ya hau, ya ɗan sauko. Na san shi. Da shi Haris ke buɗe kowane wasa kafin ya ce uffan.

Na ce, "Zulai, maimaita."

Ta juyo. "Me?"

"Abin da kike rerawa."

Ta ajiye tiren. Ta ce ba ta rera komai ba. Na ce na ji da kunnena. Ta ce kunnen nawa da kowa ya san halinsa. Muka yi ta yi har ta ɗaga murya, abin da ba ta saba ba.

"To na sani! Wa ya yi wa 'yarmu ta fari wanka tana jaririya in ba Maman Honorine ba? Kwana arba'in tana shigowa da asuba da ruwan zafinta tana wannan waƙar, ni amarya ban san kowa a Miskine ba. Tun ranar Asabar na san abin da kake nema."

Na ce, "Kika bar ni kwana takwas ina lissafi?"

"Na bar ka. Don in ka samu, fita za ka yi da ita. Na san ka. Shi ya tafi, kai ma ka bi shi, ni in zauna da jaka baƙa a saman kwaba?"

Ta ɗauki tirenta ta shige madafa.

Litinin, 7:30 na safe. Kwana goma sha uku.

Ba ta yi min magana ba tun jiya. Shayin dai ta kawo.

Litinin, 2:45 na rana.

Bayan azahar ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ce, "Ɗauko."

Ta ce kashe wayar nan tukuna, ba ta son ganin ja da kore. Ta rera sauti na farko ta riƙe shi, ni kuma ina murɗa kunnen babbar tsirkiya. "Sama. Sama kaɗan. Ka wuce, Malam, ka wuce! Kai ko gishiri aka ce ka zuba haka za ka yi." Na dawo. Akwai wani wuri da muryarta da tsirkiyar suke daina faɗa da juna, su zama abu ɗaya, har katakon ya yi rawa a cikina. Ban taɓa sanin ana jin sauti da ciki ba.

Ta huɗu ta ba mu wuya. Ta ce ba ta tabbata ba, nan ne Maman take jan numfashi. Muka bar ta inda ta fi kama.

Da muka gama na ja su shida bi da bi.

Zulaihat ta rufe fuska da mayafi. Ni na kalli bango. Kamar ya leƙo ta taga ya ce Farfesa.

Can ta ce, "In za ka je, ka tafi da hantsi, lokacin da mata ke fita neman ruwa. Ka sa farar rigarka ta makaranta. Kuma kada ka tsaya gyara wa kowa Faransanci a hanya."

Talata, 10:00 na safe. Kwana goma sha huɗu.

Ina koyon tafiya da kiɗa a tsakar gida. Daga rijiya zuwa ƙofa taku goma sha ɗaya ne. Babban yatsa ya sauka a kan shida, taku uku, ya sake sauka. Ba na danna komai da hagu, riƙe wuyan kawai nake yi. Haris ya saita ta yadda ko ni zan iya.

Wani dattijo da muke sahu ɗaya ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam Sharafaddeen, ana binne mutane kai kana garaya?" Na ce amana ce zan mayar. Ya ce Allah ya kyauta, da irin muryar da ke nufin bai yarda ba. Wataƙila bayan wannan wasu su cire 'ya'yansu daga ajina. Na yi tunanin abin, ya dame ni, amma bai kai damuwar amanar ba.

Sabis ya dawo na minti kaɗan. Na tura wa Fiddausi: gobe da hantsi, ki gaya wa Kaka. Ban san ko ya shiga ba.

Laraba, 8:05 na safe. Kwana goma sha biyar.

Na yi alwala. Jakar tana saman kwaba. Zulai, in kin buɗe littafin nan, takardun gida suna cikin ƙamus ɗin Faransanci.

Laraba, 4:30 na yamma.

Na dawo. Bari in faɗa a jere kafin ya watse.

A shingenmu na ƙarshe akwai samari biyar masu gadin unguwa. Ɗayansu Zayyad ne, wanda ya yi shekara biyu a ajina yana zama a baya. Da ya gan ni sai ya yi sauri ya ɓoye sigarinsa a bayansa. Bindigar bai ɓoye ba.

"Metir, ina zuwa da wannan?"

"Miskine."

Sauran suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya dubi jitar ya ce, "Ta mai waƙar nan ce, wanda ya zo makaranta." Na ce ita ce. Ya ce daga bishiyar mangwaro ba ruwansu, ba sa iya yi min komai. Ya ɗage igiyar. Da na wuce ya ce a hankali, "Metir, ka bi tsakiyar titi. Kada ka yi gudu ko me ka ji."

Ban taɓa sanin filin nan yana da tsawo haka ba. Gidajen da na sani babu rufi, ciyawa ta fi ni tsayi a ɗakunan mutane. Na wuce inda katangarmu take ban juya ba. Shida, taku uku. Shida, taku uku. Gumi ya sa yatsana yana zamewa. Sau ɗaya wani abu ya motsa a ciyawa, ƙafafuna suka ce gudu, na tuna Zayyad. Akuya ce.

Bayan mangwaron wani ya daka min tsawa da Sango daga bayan tulin tayoyi, ya ce in tsaya in ɗaga hannu. Na tsaya. Amma in na ɗaga hannu kiɗan zai tsaya, sai na ɗaga na hagu kawai, na dama ya ci gaba. Su uku suka fito. Ban san ko ɗaya ba. Babbansu ya ce wane ne ni, wa ya aiko ni, me ke cikin ramin. Sangon da na tashi da shi ya gudu. Shida. Shida.

Wata mata da jarka a ka ta tsaya. Ta ce, "Wannan ai waƙar Maman Honorine ce." Wata ta ce jitar ɗanta ce, ga bel ɗin. Kafin a jima mata sun kai bakwai, suna magana gaba ɗaya, wata tana zagin babban da sunan uwarsa. Ya karɓi jitar ya girgiza, ya leƙa ramin, ya miƙo min. Matan suka sa ni a tsakiya har ƙofar gida.

Fiddausi tana tsaye a bakin ƙofa, saƙon ya shiga. Ta yi tsawo. Na cire bel ɗin daga wuyana na rataya mata. Ta ja su shida, ta sake ja, ta kasa kunne.

"Ta huɗu ta yi ƙasa kaɗan, Baba Metir."

Daga cikin ɗaki wata murya ta ba da sautin, siririya, tana rawa. Fiddausi ta daskare. Sannan ta kama kunnen da kanta, karo na farko a rayuwarta, ta murɗa har ya zauna.

Maman Honorine ta fito da sanda. Ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, ta kira ni da sunan da ba wanda ya kira ni da shi shekara talatin, Sharafa. Na yi niyyar in yi ta'aziyya in tashi. Abin da ya fito daban ne.

Na ce, "Mama, ni na ce masa ya bar ta. Ya rataya ta zai tafi, na ce jakar za ta ja masa ido. Ni na cire ta daga kafaɗarsa."

Wannan ne karo na farko da na faɗa, ko a takarda.

Ta ce, "Na sani. Ya kira ni a hanya yana dariya, ya ce Farfesa ya ƙwace masa mata, sai la'asar za a sako ta." Ta buga sandar a ƙasa. "Wata biyu ina jiran ka zo ka gaishe ni. Ɗaya na rasa, sai na ga kamar biyu ne. Wannan ne laifinka a wurina, wancan na Allah ne da waɗanda suka yi."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Ta sa aka kawo min ruwa da gyaɗa. Ta tambayi lafiyar Zulaihat, ta ce har yanzu tana ƙona miya? Na ce ta daina. Ta ce ƙarya nake.

Da na miƙe zan tafi, sai Fiddausi ta dubi hannuwana. Ni ma na dube su. Duk shirin da na yi na kwana goma sha ɗaya, na zuwa ne. Ban yi lissafin komawa ba. Mutum ne zai fito daga wannan ɓangare ya nufi wancan, hannu biyu, babu abin da zai faɗa wa na nesa ko shi wane ne.

Fiddausi ta fara cire bel ɗin. Na ce a'a, ko kusa.

Maman ta ce, "Kawo min takalmina."

Na ce Mama ba za ki iya ba. Ta ce ba da ni take magana ba.

Haka muka fito, tsohuwa da sanda a dama, hannunta na hagu a kafaɗata, mata uku a baya. Tun daga ƙofa ta fara waƙar, da cikakkun kalmominta, waɗanda ban ji ba tun ina yaro. Samarin tayoyi suka matsa gefe. A gindin mangwaro ta tsaya tana haki, ta ce iyakarta nan.

"Sauran kai za ka yi. Ɗaga murya."

Na ce, "Mama, kin san muryata."

"Na san ta. Ba wanda zai ji wannan murya ya ce mai ita ya zo da mugunta. Tafi."

Na bi tsakiyar titi ina rera waƙar wankan jarirai da iya ƙarfina, ni Malam Sharafaddeen, da farar riga. Ina jin ta a bayana tana riƙe min sautin har ya yi nisa. Da na iso shinge Zayyad ya riga ya ɗage igiyar, yana cije leɓe kamar yadda suke yi a aji.

Zulaihat tana bakin lungu da mayafi a karkace. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tun daga masallaci ake jin ka. Ka kashe ta huɗun."

Ana kiran la'asar yanzu. Zan je in yi.

Alhamis, 11:20 na safe. Kwana goma sha shida.

Saƙo daga Fiddausi: sun wuce shingen fita gari. Jitar tana kan cinyarta, direba ya ce ta kaɗa masa kada ya yi barci.

An yi harbi da safe, amma kaɗan.

Litinin, 6:45 na safe. Kwana ashirin.

An ce a buɗe makaranta yau, rabin wuni. Ban san nawa za su zo cikin arba'in da ɗaya ba. Jakar baƙa Zulaihat ta zuba mata tsummokara ta yi matashi da ita. Ɗantsoho ya ba ni ragowar wayar birkin, sili goma sha ɗaya, na tara gwangwanayen madara da sanduna.

Darasin yau, in sun zo:

Kowa ya ɗauki gwangwani ɗaya, sanda ɗaya, sili ɗaya. Ka je gida ka sami tsohuwar da ta yi maka wanka kana jariri, ko wadda ta gani ana yi. Ka roƙe ta waƙar. Za ta ce ta manta, kada ka tashi. In ta fara, ka riƙe sautin farko, ka ja silin a hankali har ka ji gwangwanin yana rawa a cikinka. Ba a duba waya. Ba maki.

Ku gwada. Ni da wannan kunnen nawa na iya.